Murya a Cikin Waya: Amana da Zumunci a Ƙasar Damargu

  

Ya 'yan'uwa, darasinmu na yau a kan murya yake. Waya ta shigo ƙasar Damargu ne ta kunne, domin da yawa daga cikinmu ba sa karanta boko. Tun da kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, abin da manomi da makiyayi suka nema a wurin salula shi ne su ji kuma a ji su. Amfaninta bai ɓoyu ba. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta samu cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota daga Damagaram zuwa Bakin Birji ko Tanut kafin ya san kuɗin tiyar gero, yanzu kira ɗaya ya ishe shi.

Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai abin ya ƙara faɗi. Ɗan ci-rani a Sabha ko Tamanrasat yana gaida mahaifiyarsa a Belbeji, ta saurara da kunnenta, ba ta bukatar wani ya karanta mata wasiƙa har ya san sirrin gidanta. Makiyayi a dajin Tanhiya yana tambayar inda ruwa ya sauka. Duk wannan ya ginu ne a kan abu guda: mun amince cewa muryar mutum tasa ce shi kaɗai, kamar zanen yatsansa.

To, wannan amincewar ce take rawa a yau. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira na'ura ce da aka ɗura wa maganganun mutane masu ɗimbin yawa, har ta koyi yadda sauti yake bin sauti da yadda kalma take bin kalma. Idan aka ba ta ɗan guntun maganar wani, sai ta auna kaurin muryarsa, da saurinsa, da inda yake jan numfashi, sa'an nan ta furta da wannan murya duk abin da aka rubuta mata. Ba ta san mutumin ba, ba ta san gaskiya ko ƙarya ba. Kwaikwayo ne kawai. A 2023 an yi ta yaɗa wasu sautuka a TikTok da sunan muryar Umar al-Bashir, tsohon shugaban Sudan, binciken BBC ya nuna cewa na jabu ne. A 2024 wani ma'aikaci a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 na Amurka bayan taron bidiyo da shugabanninsa, alhali fuskokin da muryoyin duk na na'ura ne. Wanda ya yi karatu, yana zaune a ofis, aka yi masa haka. Ina ga tsohuwar da za ta ji muryar ɗanta yana kuka cewa an tsare shi a hanyar Libiya, a aiko da kuɗi kafin gari ya waye? Kada mu ce ai na'urar ba ta iya Hausarmu ba. Kullum ƙara koyo take yi, kuma duk maganar da muka saki a fili darasi ce gare ta.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu tunani a kan wannan. Sun yi saɓani game da shaidar makaho a kan maganar da ya ji. Malikiyya sun karɓe ta idan ya tabbatar da muryar ba tare da shakka ba, Hanafiyya kuwa sun ƙi, hujjarsu ita ce muryoyi sukan yi kama da juna. A lura: ko waɗanda suka karɓa, sharaɗin yaƙini suka gindaya, kuma suna magana ne a kan mutumin da ya ji da kunnensa daga bakin mai magana. Sautin da ya ratso hannu goma kafin ya iso wayarmu bai kai wannan matsayi ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin aiki da labari, don kada mu cuci wasu a kan jahilci mu dawo muna nadama. A ƙasa irin tamu, inda gona da burtali suke maƙwabtaka, saƙo ɗaya da ke cewa wata ƙabila ta yi kaza yana iya tada wutar da sarakuna za su shekara suna kashewa. A Indiya an kashe mutane a 2018 saboda jita-jitar satar yara, har kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda. Haka batun ganin wata: a jira sanarwar Majalisar Musulunci ta ƙasa, a bar sautin da ba a san mai shi ba.

Hanyar kariya ba ta da tsada. Idan murya ta nemi kuɗi da gaggawa, a katse, a kira mutumin ta lambar da aka sani, ko a nemi wanda suke zaune tare. A tambaye shi abin da 'yan gida kaɗai suka sani, kamar sunan da kakarsa take kiransa da shi. Gaggawa ita ce makamin mayaudari.

Akwai kuma wata asara da ba ta bukatar ɗan damfara. Ko da muryar ta gaskiya ce, ba ta ɗaukar gawa, ba ta riƙe hannun majinyaci. Na Libiya yana da uzuri idan ya aiko da ta'aziyya ta waya. Wanda yake unguwa ɗaya da gidan makoki fa? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa muna neman mu mayar da shi a yatsa. Mu dubi fadar samari bayan shan ruwa: shayi yana kan wuta, mutum shida a tabarma ɗaya, kowa kansa a sunkuye. Wannan ba rashin tarbiyya kaɗai ba ne. Manhajojin bidiyo suna lissafa daƙiƙun da ido ya tsaya a kan kowane hoto, su kawo irinsa, domin ribarsu daga talla take, talla kuwa lokacinmu take saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2025 mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi tsanani ga matasa, waɗanda su ne suka fi kowa riƙe waya.

Waɗanda suka fi jin wannan a garuruwanmu su ne tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani. Kuɗi yana zuwa ta Nita ko Al Izza, saƙon murya yana zuwa, amma babu mai shiga ɗakin ya ga ko rufin yana yoyo, ko tsohon ya daina cin abinci. A waya kowa lafiya lau yake cewa. Kowane masallaci a Tanut da Belbeji ya san irin waɗannan gidaje a unguwarsa, kuma tsakanin la'asar da magariba akwai isasshen lokacin da mutum biyu za su je su yi sallama, su zauna.