Allurar cika leɓen kunne

Allurar cika leɓen kunne wani aikin kwalliya ne da likitocin fata da likitocin gyaran jiki suke yi, inda ake ɗura wani sinadari mai kauri a cikin leɓen kunne, wato tattausan naman da ke ƙasan kunne inda ake huda wa ɗan kunne. Ana yin ta ne domin a mayar wa leɓen da ya sirance, ya yamutse ko ya saki kaurinsa na da, har ya iya riƙe ɗan kunne ba tare da ya karkata ba. Ba a yanka fata, aikin kan ɗauki 'yan mintoci, kuma sakamakonsa ba na dindindin ba ne. Sinadarin da aka fi amfani da shi shi ne asid ɗin hayaluronik, wanda ake cika kumatu da leɓen baki da shi.

Dalilin sirancewar leɓen kunne

Sauran sassan kunne na waje suna da guringuntsi da ke riƙe da su. Leɓen kunne ba shi da shi. Fata ce kawai da kitse da zaruruwan nama. Idan shekaru suka ja, fata tana rasa kolajin da elastin, sinadarai biyu da ke ba ta ƙarfi da talewa, kitsen da ke ƙarƙashinta kuma yana raguwa. Sai leɓen ya zama siriri, ya yi layi-layi, wani lokaci ya ƙara tsawo. Yawan zafin rana yana gaggauta wannan, haka ma ramewa mai yawa cikin ɗan lokaci.

Dalili na biyu shi ne nauyi. A ƙasar Hausa ana huda wa 'ya mace kunne tun tana jaririya, don haka kafin ta kai shekara arba'in hujin ya daɗe yana ɗauke da kaya. Manyan 'yan kunne na biki da na gwal suna jan hujin ƙasa a hankali, har ƙaramin rami ya koma tsaga mai tsawo. Kwana da ɗan kunne yana ƙara matsalar, saboda matashin kai yana danna shi cikin naman. Alamar da mata suka fi lura da ita ita ce ɗan kunne mai maɓalli ya daina zama daidai, ya riƙa kallon ƙasa.

Sinadaran da ake amfani da su

Asid ɗin hayaluronik yana cikin jikin mutum tun asali, a fata da gaɓoɓi da ruwan ido, kuma aikinsa riƙe ruwa ne. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ware shi a shekarar 1934 a Jami'ar Columbia da ke birnin New York, daga ruwan idon saniya. A da ana samo shi daga zankon zakara, amma yawancin wanda ake sayarwa yanzu ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi a masana'anta. Wanda ke cikin fata yana narkewa cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa ake sarƙe zaruruwansa da wani sinadari domin ya yi watanni kafin jiki ya cinye shi.

Kamfanin Q-Med na ƙasar Suwidin ya fito da Restylane a Turai a shekarar 1996, sannan Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Disamba na 2003. Juvéderm ya samu amincewar hukumar a 2006. Wasu likitoci kan yi amfani da Radiesse, wanda aka yi da sinadarin kalsiyam, ko su ɗebo kitse daga jikin mutum su zuba a leɓen. Duk da haka hayaluronik ya fi karɓuwa saboda dalili guda mai muhimmanci: idan an zuba da yawa ko an samu matsala, akwai allurar hayaluronidas da ke narkar da shi. Radiesse da silikon ba su da irin wannan makari.

An yi wa waɗannan sinadarai rajista ne domin wurare irin su fuska, leɓen baki da bayan hannu. Zuba su a leɓen kunne amfani ne a wajen abin da aka yi musu rajista. Doka ta ba likita damar yin hakan bisa saninsa, sai dai binciken da aka yi a kan kunne bai kai na fuska yawa ba.

Yadda ake yin aikin

Ana cire ɗan kunne, a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shafa man kashe zafi. Da yawa daga cikin sinadaran suna zuwa haɗe da lidoken, don haka raɗaɗin ba shi da yawa. Likita yana soka siririyar allura a wurare kaɗan, musamman kewaye da hujin da ƙasansa, domin naman ya samu abin da zai tokare ɗan kunne. Daga nan sai ya murza leɓen da yatsu don sinadarin ya bazu. Abin da ake zubawa kaɗan ne. Sirinji ɗaya mai mililita 1 yakan ishi kunnuwa biyu.

Ana ganin canji nan take. Akan shawarci mutum ya bar kunnen ya huta na 'yan kwanaki, kuma ya rage sa masu nauyi daga baya. A fuska hayaluronik yakan yi kamar wata 6 zuwa 12, amma a leɓen kunne sau da yawa yakan wuce haka, tunda wurin ba ya motsi kamar baki.

Abin da allurar ba ta gyarawa

Allurar tana ƙara kauri ne kawai, ba ta haɗa naman da ya rabu. Idan huji ya tsage har ƙasa, ko ya buɗe sosai, bakin tsagar ya riga ya warke da fata, kuma ba zai manne ba sai an yi ƙaramar tiyata: a kankare gefen biyu, a ɗinke, a jira ya warke kafin a sake hudawa a gefen tabon. Leɓen da ya yi tsawo da yawa ma rage shi ake yi da tiyata, domin cika shi ƙara masa nauyi zai yi.

Akwai kuma wani layi da ke ratsa leɓen kunne a karkace, wanda ake kira alamar Frank, da sunan likita Sanders T. Frank na Amurka da ya bayyana shi a 1973. Wasu bincike sun danganta shi da ciwon jijiyoyin zuciya, ko da yake masana ba su haɗu a kan ƙarfin dangantakar ba. Allura tana iya ɓoye layin, amma ba ta taɓa lafiyar zuciya.

Illoli da haɗari

Illolin da aka fi gani su ne kumburi, ja, ɗan ciwo da taruwar jini a ƙarƙashin fata, kuma sukan wuce cikin kwanaki. Ana iya samun ƙulluttu, ko kunne ɗaya ya fi ɗaya kauri. Waɗanda ba a cika gani ba sun haɗa da shigar ƙwayoyin cuta da toshewar jijiyar jini. Idan sinadarin ya toshe jijiya, wurin yakan canza launi ya yi zafi mai tsanani, kuma naman yana iya mutuwa idan ba a narkar da sinadarin da gaggawa ba. Ba a yin allurar a kunnen da ke da ƙurji ko miki, kuma akan ɗage ta ga mai ciki da mai shayarwa.

Leɓen kunne yana cikin wuraren da tabon kiloyid ya fi fitowa, wato tabo mai tauri da ke girma ya zarce ciwon asali, kuma ya fi yawa a tsakanin masu baƙar fata. Wanda ya taɓa samun irinsa bayan huda kunne ya kamata ya sanar da likita kafin a soka masa komai. Allurar da ake yi wa kiloyid daban ce. Maganin sitiroyid ne da ake kira tirayamsinolon, kuma aikinsa rage nama ne.

Mafi munin matsaloli suna zuwa ne daga kayan da ba a san asalinsu ba da hannun da bai koyi aikin ba. Ruwan silikon da ake ɗurawa a ɓoye yana iya haddasa ƙulluttu bayan shekaru, kuma ba ya fita sai an yanke naman. A watan Oktoba na 2021 hukumar FDA ta gargaɗi jama'a game da na'urorin da ke tura hayaluronik cikin fata da ƙarfin matsi ba tare da allura ba, waɗanda ake tallatawa a intanet. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke yi wa magunguna da kayan asibiti rajista, yayin da majalisar likitoci ta MDCN ke ba likitoci lasisin aiki.