Harajin Gidaje da Filaye da Matsalar Adalci a Kuɗin Makarantun Gwamnati: Misali Daga Amurka

1.0 Gabatarwa

Kowace makaranta tana buƙatar kuɗi domin biyan albashin malamai, da gina azuzuwa, da sayen littattafai. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: daga ina kuɗin suke fitowa, kuma ta wane ma'auni ake raba su? Wannan babi ya ɗauki ƙasar Amurka a matsayin misali, domin can ne makarantun gwamnati suka dogara ƙwarai ga harajin gidaje da filaye. Manufar babin ita ce nuna yadda harajin da ake gani kamar ya daidaita kowa yakan haifar da bambanci tsakanin yara, bisa ga arzikin unguwar da aka haife su.

2.0 Ma'anar Harajin da Yadda Ake Karɓar Sa

Harajin gidaje da filaye kuɗi ne da mai gida, ko gona, ko kanti, ko masana'anta yake biya duk shekara gwargwadon darajar abin da ya mallaka. Jami'in hukuma ne yake ƙiyasta darajar, sannan a yanka wani kaso a kanta. Alal misali, idan an ƙiyasta gida a kan dala 200,000, kuma kason harajin kashi 1 ne cikin 100, mai gidan zai biya dala 2,000 a shekara.

A Amurka an kasa makarantun gwamnati zuwa gundumomi fiye da 13,000, yawancinsu suna da hukumar da mazauna yankin suke zaɓa. Kuɗin makarantun suna fitowa daga tushe uku. Gwamnatin tarayya tana bayar da kusan kashi 10 cikin 100, sauran kuma jihohi da yankuna suke ɗauka, kusan rabi da rabi. Mafi yawan kason yankuna daga wannan haraji yake fitowa.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjojinsu. Na farko, gida ba ya ƙaura kuma ba ya ɓoyuwa, saboda haka harajinsa bai cika hawa da sauka ba kamar harajin ciniki. Na biyu, wanda ya biya yana ganin makarantar da kuɗinsa suka gina, kuma yana da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da ita.

3.0 Inda Rashin Adalcin Yake

Gundumomi ba su zama ɗaya ba wajen dukiya. Wata tana da manyan gidaje da masana'antu, wata kuwa sai ƙananan gidajen talakawa. Idan aka raba darajar dukiyar gunduma da yawan ɗalibanta, za a sami abin da ke bayan kowane yaro. Gundumar da ke da dukiya mai yawa takan yanka ƙaramin kaso ta tara kuɗi masu yawa, matalauciya kuwa ko ta tsananta wa mutanenta ba za ta kamo ta ba.

Birnin San Antoniyo na jihar Teksas ya ba da misali bayyananne. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, gundumar Edgewood tana da ɗalibai kimanin 22,000, kusan kashi 90 cikin 100 'yan asalin Meziko ne. Darajar dukiyar da ke bayan kowane ɗalibi dala 5,960 ce. A gundumar Alamo Heights kuwa, wadda ke cikin birnin, darajar ta haura dala 49,000. Mutanen Edgewood suna biyan dala 1 da santi 5 a kan kowace dala 100, wanda shi ne kaso mafi girma a yankin, alhali na Alamo Heights suna biyan santi 85 kawai. Duk da haka, bayan an cire gudummawar da jiha ta wajabta wa kowace gunduma, harajin Edgewood ya samar wa kowane yaro dala 26, na Alamo Heights kuma dala 333. Da aka haɗa da tallafin jiha da na tarayya, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, takwaransa kuma dala 594.

Ke nan matsalar ba ta rowa ba ce, ba kuma ta rashin son ilimi ba. Talakawa sun fi ɗaukar nauyi, amma 'ya'yansu ne suka sami kaso mafi ƙanƙanta. Bugu da ƙari, lamarin yana ciyar da kansa: makaranta mai kyau takan jawo masu hali, darajar gidaje ta tashi, haraji ya ƙaru, makarantar ta ƙara kyau. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙwararrun malamai sukan bar matalauciyar gunduma zuwa inda albashi ya fi tsoka.

4.0 Matsalar a Gaban Kotu

A shekarar 1968 wasu iyaye na Edgewood, cikinsu har da Demetrio Rodriguez wanda shari'ar ta ɗauki sunansa, suka shigar da ƙara. A shekarar 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa tsarin Teksas bai saɓa wa kundin tsarin mulkin ƙasar ba, domin kundin bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙin da ya lamunce ba. Mai shari'a Lewis Powell ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, Thurgood Marshall kuma yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa.

Daga nan gwagwarmayar ta koma kotunan jihohi, saboda kundin kowace jiha ya yi tanadi a kan ilimi. Tun a 1971 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a shari'ar Serrano, ta nuna cewa bai dace ingancin karatun yaro ya rataya ga dukiyar maƙwabtansa ba. A 1989 Kotun Ƙolin Teksas ita ma ta rushe tsarin jihar, bayan an nuna mata cewa gunduma mafi arziki ta ninka mafi talauci kusan sau 700 a dukiyar da ke bayan kowane ɗalibi.

5.0 Hanyoyin Gyara da Aka Gwada

Hanya ta farko ita ce jiha ta tsayar da mafi ƙarancin kuɗin da ya kamata a kashe wa kowane yaro, ta cike wa gundumar da ta gaza. Wannan yana ɗaga na ƙasa, amma ba ya hana na sama yin nisa.

Hanya ta biyu ita ce a karɓi rarar gundumomi masu arziki a raba wa matalauta. Teksas ta kafa wannan doka a 1993, jama'a suka laƙaba mata sunan Robin Hood, wato gwarzon tatsuniyar Ingila mai ƙwace wa attajirai ya ba talakawa. Masu biya sun yi ta ƙorafi cewa ana kwashe musu guminsu.

Hanya ta uku ita ce rage dogaro ga harajin gidaje. A 1994 jihar Mishigan ta rage shi, ta ɗaga harajin ciniki daga kashi 4 zuwa kashi 6 domin makarantu. Sai dai harajin ciniki yakan fi yi wa talaka nauyi, tunda kusan duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa.

Wasu sun yi jayayya cewa ƙarin kuɗi ba ya gyara karatu. Amma binciken da Jackson da Johnson da Persico suka wallafa a 2016 ya gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a kuɗin kowane ɗalibi, tsawon shekaru 12 na karatu, ya zo da ƙarin kusan kashi 7 a albashinsa bayan ya girma, kuma amfanin ya fi bayyana ga 'ya'yan talakawa.

6.0 Darasi ga Malami a Nijeriya

Makarantun gwamnati a Nijeriya ba su dogara ga harajin gidaje kamar na Amurka ba, mafi yawan kuɗinsu daga kason asusun tarayya suke fitowa. Duk da haka akwai kama. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin ayyuka. Jihar da ba ta ajiye ba, yaranta ne suke asara. Haka kuma, duk inda aka bar gyaran azuzuwa da sayen kujeru a hannun ƙungiyar iyaye da malamai, makarantar unguwar masu hali za ta bar ta ƙauye a baya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa daidaita kason haraji ba shi ne daidaita rabon yara ba, muddin dukiyar da ake yanka harajin a kanta ta bambanta. Hasali ma, raba kuɗi kai-da-kai bai wadatar ba, domin yaron da ya fito daga gidan talauci, ko mai buƙata ta musamman, ya fi bukatar ɗawainiya. Malamin da ya fahimci wannan ba zai yi gaggawar ɗora laifin faɗuwar jarrabawa a kan ɗalibi ko iyayensa ba, sai ya fara duba abin da aka kashe wa makarantar, da kuma ma'aunin da aka yi rabon da shi.

8.0 Auna Fahimta

1. Mene ne harajin gidaje da filaye, kuma yaya ake ƙiyasta shi?
2. Bayyana dalilin da ya sa Edgewood ta fi Alamo Heights biyan haraji amma ta sami kuɗi kaɗan.
3. Kawo hanyoyi uku na gyara, tare da naƙasun kowace.
4. Kwatanta makarantun firamare biyu na ƙaramar hukumarku ta fuskar kayan aiki, sannan ka nuna tushen bambancin.