Shimfiɗa Mai Rai a Gaɓar Teku da Duwatsun da Ta Bari

A yammacin Ostareliya, cikin Shark Bay, akwai wani lungun teku da ake kira Hamelin Pool. Ruwansa ba shi da zurfi, gishirinsa kuwa ya kai kusan ninki biyu na sauran teku, gama tudun yashi da ciyawar ruwa sun tare bakinsa, rana kuma tana ƙafar da shi. A nan ne a 1956 masanan ƙasa suka tarar da waɗansu duwatsu kamar an kife turame, waɗanda samansu ke da rai.

Abin da ke bisansu wata shimfiɗa ce mai yauƙi. Wanda ya gan ta zai ce gansakuka ce, amma masu gina ta bakteriya ne, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, suna fid da iskar oksijin. Yauƙin nan yana kama yashi, alli kuma yana daskarewa a cikinsa. In laka ta rufe ƙwayoyin, sai su kutsa sama neman haske. Haka hawa ke bin hawa, abin da bai kai milimita ɗaya ba a shekara.

Tun 1908 Bajamushe Ernst Kalkowsky ya laƙaba wa irin duwatsun nan suna sitiromatolait, daga kalmomin Girkanci biyu, watau shimfiɗa da dutse. Sunan ya dace ƙwarai, ko da yake matattu kaɗai ya gani. Waɗanda ke yankin Pilbara, a Ostareliya har wa yau, sun kai shekara wajen miliyan 3,480. Daga baya suka yawaita a gaɓoɓin duniya, kafin su ragu; masana da yawa sun ɗora laifin a kan dabbobi masu kiwon shimfiɗar, irin su katantanwa, waɗanda gishirin Hamelin Pool ya fi ƙarfin yawancinsu.

Amma fa kamanni ba hujja ba ne. A 1996 Grotzinger da Rothman sun nuna cewa laka da alli suna iya jera irin wannan hawa ba tare da wata halitta ba. A 2016 aka ce an sami masu shekara miliyan 3,700 a Isua ta Girinlan. A 2018 waɗansu masana suka sake duba wurin, suka ce matsewar dutse ce ta lanƙwasa su.