Gaskiya ko Jita-jita: Wa Zai Kula da Kushewun 1899 a Birnin Ƙonni?

A farkon watan Mayun 1899 rundunar Faransa da Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ke jagoranta ta faɗa wa Birnin Ƙonni. Ta cinna wa garin wuta, ta karkashe mutane, ta kwashe mata da dabbobi. Marubuta tarihi sun saɓa kan yawan mamatan, wasu na cewa ɗaruruwa, wasu dubbai, amma bakinsu ya zo ɗaya cewa yana cikin kisan gilla mafi muni da aka yi wajen kafa mulkin Faransa a Afirka ta Yamma. Har gobe dattawan gari na nuna inda aka binne mutane a rami guda. Da zarar an taso da zancen kula da irin waɗannan wurare, a Ƙonni ne ko Malbaza ko Illela, akwai maganganun da ke fitowa daga bakin jama'a kamar an haddace su. Wasu na da tushe, wasu iska ce.

"A je a ga kansila, shi zai tayar da maganar a majalisa."

Wannan shawara ta tsufa. Zaɓen 2004 ne ya kafa majalisun ƙananan hukumomin Nijar, aka sake a 2011, aka kuma sake a Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya rushe majalisun duka a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi su riƙe kujerun magadan gari. Haka abin yake a Ƙonni, Bazaga, Tsarnawa, Malbaza, Dogerawa, Illela, Badagishiri da Tajaye. Tsohon kansila na iya raka ka, don ya san ƙofofi ya kuma san wanda ke zuwa aiki da wuri, amma ba shi da ƙuri'ar da zai kaɗa maka.

Sauyin na da fuska biyu. Mutum ɗaya ne zai ce e ko a'a, ba sai an jira zaman majalisa ba. Sai dai kuma wannan mutumin ba ƙuri'arku ce ta kawo shi ba, kuma ana iya ɗauke shi gobe. Abin da ba ya tafiya da kantoma shi ne sakatare janar na ma'aikatar, da ma'aji, da littafin da ake rubuta wasiƙun da suka shigo. Shi ya sa gaisuwar baki a zaure, komai daɗinta, ba ta kai takarda ba. Ku rubuta wasiƙa, ku yi kwafi uku, ku miƙa a ofishin karɓar wasiƙu, ku tsaya sai an buga hatimi a naku kwafin, an sa kwanan wata da lamba. Ranar da kuka koma aka ce ba a san da zancen ba, wannan lambar ce za ta sa sakatare ya jawo littafin ya buɗe. Ku kai kwafi ɗaya ofishin shugaban gunduma, tun da shi ne idon gwamnati a kan ƙananan hukumomi.

"Ba hurumin ma'aikatar magajin gari ba ne, aikin Yamai ne."

Rabin gaskiya. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ita ce ta tsara kare kayan tarihin ƙasa, kuma sanya wuri cikin jerin wuraren da aka keɓe aikin gwamnati ne ta hannun ma'aikatar al'adu. A 2016 kuma, da gwamnati ta fara sakar wa ƙananan hukumomi ayyuka, fannoni huɗu ta ware: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Al'adu ba sa ciki. Don haka kantoman da ya ce ba shi ke ayyana wuri a matsayin kayan tarihin ƙasa ba, bai yi ƙarya ba.

To amma abin da ke cin tsofaffin kushewu ba rashin tambarin Yamai ba ne. Juji ne, da zaizayar ruwa, da mai bulo da ke neman ƙasa, da wanda ya matso da katangarsa taki biyu bana, taki uku baɗi. Tsabtar gari, maƙabartu da yanka filaye a cikin gari kuwa a teburin ƙaramar hukuma suke. Ƙonni gari ne na bakin iyaka, kan babbar hanyar Yamai zuwa Maradi, fili na da tsada, kuma filin da ba a rubuta ba kowa na iya cewa na kakansa ne. A ganina nan ne masu kishin abin ke tafka kuskure: suna zuwa da zanen hasumiya da babban zaure na tarihi, alhali buƙatar farko ita ce mai awon filaye ya zo da na'urarsa, a gaban mai unguwa da wakilin Sarkin Ƙonni, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta cikin taswirar gari cewa nan ba na rabo ba ne. A ƙauyuka kuma akwai kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta haifar, masu ikon rubuta irin wannan shaida.

"Babu kuɗi."

Wannan kam ba jita-jita ba ce. Ƙananan hukumomi na rayuwa ne da haraji, da kuɗin kasuwa da na tasha, da ɗan abin da ke zuwa ta ANFICT, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi. Rufe iyaka da Najeriya daga bayan juyin mulki zuwa Maris 2024 ya taɓa Ƙonni ƙwarai. Amma "babu kuɗi" sau da yawa na nufin "ba ya cikin kasafi". Ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne a ƙarshen shekara, ana kuma ɗebo ayyukan daga tsarin raya ƙaramar hukuma na shekaru biyar. Wanda ya zo da buƙata a watan Maris ya makara. Lokacinta bayan kaka ne, da lissafi a hannu: buhun siminti nawa, bulo nawa, ladan magini nawa, me jama'a za su kawo da kansu. Simintin ma a Malbaza ake yin sa.

"Ai Faransa ta amince za ta biya diyya, a jira kuɗin."

Jita-jita ce, ko da yake an san inda ta samo asali. A 2020 fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin ya bi sawun rundunar Voulet, ya ba jikokin waɗanda aka kashe dama su yi magana, daga baya aka nuna shi da Hausa. Wakilan wasu garuruwan da abin ya shafa suka kai koke ga mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2025 Faransa ta ba da amsa cewa ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar. Iyakar abin ke nan. Ba ta ɗauki alhakin kisan ba, ba ta ambaci sisin kwabo ba.

Wanda ya san yadda ta bi da lamarin tun farko ba zai yi mamaki ba. Da labarin ta'asar ya kai Paris, an turo Laftanar Kanar Klobb ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yulin 1899. Cikin kwana uku sojojin Voulet da Chanoine, waɗanda galibinsu 'yan Afirka ne tun da Turawan tafiyar ba su kai 10 ba, suka juya musu baya suka kashe su. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka kama Damagaram a ƙarshen wannan wata. Binciken da aka yi ya jingina abin ga taɓin hankalin da zafin Afirka ya jawo wa mutum biyu, aka rufe fayil, ƙasar da aka ci kuwa aka riƙe. Abin takaici, kaburburan mutanen nan biyu a Maijirgi, kusa da Tasawa, an san su, baƙi na zuwa kallo.

Neman haƙƙi na kan hanya, kuma akan dace. A 2013 Birtaniya ta biya fam miliyan 19.9 ga 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar zamanin Mau Mau, ta kuma ɗauki nauyin wurin tunawa da aka buɗe a Nairobi a 2015. Amma sai da aka kai ta kotu a London, shekara fiye da 50 bayan aika-aikar, kuma masu ƙarar suna raye. Barin shingen kushewa sai kuɗin Paris sun iso jiran gawon shanu ne.

"Addini ya hana gini a kan kabari, don haka a bar wurin yadda yake."

Farkon maganar na da madogara, ƙarshenta babu. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim da ke hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, ya kuma hana zama a kai. Haka nan an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aza dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Shahidan Uhudu na nan a zagaye da katanga a Madina. Katange maƙabarta don kare ta daga dabbobi da shara abu ne da kowane gari ke yi, limamai ma su ke kiran gayyar. Mutum-mutumi da ƙubba su ne za su raba kan jama'a, kuma babu mai buƙatar su. In wasiƙarku ta tafi da sa hannun limamai, kun toshe wa duk wani jami'i hanyar fakewa da cewa abin zai tayar da rigima.

"Maganar Ƙonnawa ce, ba ruwan sauran."

Rundunar ta bi ta Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tare ta a watan Afrilu, kafin ta iso Ƙonni, ta kuma zarce gabas ta ƙasar Gobir tana ɓarna. Akwai ma abin da ba kowa ya sani ba: bisa yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898, duk abin da ke cikin mil 100 daga Sakkwato rabon Ingila ne, Ƙonni kuwa na ciki. Sai bayan gyaran iyaka na 1904 da 1906 garin ya koma hannun Faransa. Dangi da auratayya sun haɗa Ƙonni da Illelar Najeriya, da ƙasar Dogerawa, da Adar. Sarakunan gargajiya kuma ba a rushe su ba, kuma wasiƙar da ta fito da hatimin fada fiye da ɗaya ba ta kwana a ƙasan tire kamar ta ƙungiyar matasa.

In an kai ga kafa allon tunawa, a rubuta abin da aka tabbatar: wata da shekara, sunan waɗanda suka jagoranci kisan, da sunayen mamatan da gidaje suka riƙe. Adadin da ake gardama a kansa a bar shi. Tattara sunayen aiki ne da malaman tarihi na makarantun gundumar za su iya yi da ɗalibansu, gida-gida, da wayar ɗaukar murya, cibiyar CELHTO ta Yamai kuma dama aikinta ke nan, adana tarihin baka. Tun da kundin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, a nemi rubutun ya zama da Hausa, boko da ajami, Faransanci ya biyo a ƙasa.