Daren da Jirgin Ƙasa Ke Tsayawa Ya Jira Agogo

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Babban Mutum ya san abin, ko da bai san sunansa ba. A watan Satumba, ƙarfe uku na rana ake take wasan Firimiya na ranar Asabar. Da an shiga Nuwamba sai ya koma ƙarfe huɗu, ya yi karo da haramar La'asar, mai gidan kallo ya goge allonsa ya sake rubutu da alli. Agogonmu yana nan inda yake. Na Ingila ne aka mayar baya da awa guda.

Sau biyu a shekara Turawa ke wannan juyi: Lahadin ƙarshen Maris su tura agogo gaba, Lahadin ƙarshen Oktoba su dawo da shi. Jamus ta fara ranar 30 ga Afrilu, 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tsimin kwal. Suna da hujjarsu. A Landan wunin watan Yuni yakan haura awa 16, na Disamba ko takwas ba ya kaiwa. Mu a ƙasar Daura tazarar da ke tsakanin dogon wuni da gajere wajen awa ɗaya da rabi ce kacal, to me za mu tsimta?

Ɗan kallo gyaran zama kawai zai yi. Mai aiki a gabansa shi ne direban jirgin ƙasan da ƙarfe biyun dare ta riska yana tsakiyar daji da fasinja cike.

A Jamus, daren Oktoba, idan ƙarfe uku ta buga sai a ce ƙarfe biyu ce. Da jirgin zai ci gaba da gudunsa, kowace tasha zai isa da saura awa guda, wanda ya zo a kan kari ya tarar an tafi an bar shi. Saboda haka sai a samu tasha a ajiye jirgin, ya yi tsaye cik na minti sittin, fasinja na sharar barci, har agogo ya cim masa. Kamfanin Amtrak na Amurka ma haka yake yi a Lahadin farko ta Nuwamba. Daren Maris kuwa babu wannan sauƙin. Ƙarfe biyu ce ke zama uku, jirgin da ke tafiya lafiya lau ya wayi gari da lattin awa guda ba da laifin kowa ba. Sai dai a rage tsayuwa a tashoshi, abin da ya ƙi ramuwa a ba fasinja haƙuri.

Inda ƙurar ta fi tashi shi ne wajen lamba. Ma'aikacin da ke buɗe wa jirgi hanya da lamba yake kiran kowane jirgi, kuma a yankinsa jirage biyu ba sa amsa lamba ɗaya a lokaci guda. To daren Oktoba yana da ƙarfe biyu da kwata har sau biyu. Dokar Jamus ta raba su da suna, awar farko 2A, ta biyu 2B. Jirgin cikin gari da aka rubuta masa tashi a wannan tsakani sau biyu yake tashi, da ƙarin tarago da ƙarin ma'aikata, kuma tilas a tsara wa daren jadawalinsa daban don kada na'ura ta ga lamba ɗaya a wuri biyu ta rikice.

Na dogon zango ya fi haka sarƙaƙiya. Jirgin Southwest Chief, mai lamba 3 idan ya nufi Los Anjelas daga Cikago, lamba 4 idan zai dawo, kwana biyu yake a hanya. Yana ratsa jihar Arizona, wadda yawancinta ba ruwanta da canjin agogo. Ke nan sau biyu a shekara lokacin isarsa tashar Flagstaff yana gocewa da awa guda a takarda, alhali gudunsa bai canja ba. Wanda ya taso da tsohon agogo ya sauka da sabo bai dace da jadawalin jiya ba, bai dace da na gobe ba, nasa ake yanka masa shi kaɗai.

Kada a ce abin na Turawa ne zalla. Maroko a 2018 ta mai da agogonta ɗaya da namu, bisa tsarin cewa azumi na gabatowa ta mayar da shi baya da awa guda, bayan Sallah ta dawo da shi, jiragenta na ƙasa su bi. Masar ma ta koma canjin agogo a 2023.

Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Iyakar ƙasa zai tsallaka, amma ba wanda zai taɓa agogonsa, kamar yadda mai fita daga Babban Mutum zuwa Magarya ba ya taɓa nasa. Ba banza ba masu labarai a rediyo ke haɗa su a numfashi ɗaya su ce agogon Najeriya da Nijar. Wannan ciwon kan dai Allah ya raba mu da shi.

Namu daban ne. A tashar mota ka tambayi ɗan kamasho yaushe za a tashi, amsarsa ɗaya ce: sai ta cika. Dogon nan kuwa layi ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa a tasha kaɗai za su ba juna hanya. Idan na Kano ya tsaya jiran mutum uku su cike kujeru, na Maraɗi yana can Daura a tsaye, fasinjansa na fifita da hula.