Famfon Kashe Zafin Ciwo da Ake Dasawa a Jiki da Maganin da Ake Zuba Masa

Akwai ciwon da ba ya jin ƙwaya, ba ya jin allura, kamar wanda sankara kan jawo idan ta ci jiki, ko ciwon baya da ya ƙi lafawa bayan tiyata. Domin irin waɗannan majinyata ne ake dasa wani ɗan famfo, wanda faɗinsa bai kai tafin hannu ba, a ƙarƙashin fatar ciki. Daga jikinsa ake jan wani siririn bututu zuwa cikin ƙashin baya, inda zai riƙa ɗiga magani dare da rana a cikin ruwan da ke kewaye da laka.

Asalin dabarar shi ne binciken da Yaksh da Rudy suka yi a Amurka a 1976, wanda ya nuna cewa mofin yana kashe zafi idan aka sa shi a laka kai tsaye. A 1979 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton gwada shi a kan masu sankara. Da yake saƙon zafi ta laka yake bi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, tare shi a can ba ya bukatar magani mai yawa: likitoci kan ƙiyasta cewa miligiram 1 na mofin a laka yana aikin kimanin miligiram 300 da aka sha ta baki. Saboda haka yawan barci da taurin bayan gida kan ragu.

To, amma wannan ƙarfi shi ne kuma haɗarin abin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka magani biyu kawai ta amince a zuba a famfon don kashe zafi, watau mofin da zikonotaid, wanda aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗi na teku, aka kuma amince da shi a 2004. Sai bakulofen, na masu ƙagewar gaɓoɓi. Idan waɗannan ba su yi wa majinyaci ba, likita kan nemi masu harhaɗa magunguna su haɗa masa nasa na musamman, wataƙila mai kauri fiye da na kamfani, ko gamin magani biyu ko uku.

A nan ne ake bukatar tsantseni. Abin da za a zuba kusa da laka lalle ne ya kasance ba ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsa, ba kuma sinadarin hana lalacewa, gama shi kansa yana iya ɓata jijiya. Kuskure kaɗan a awo yana iya tsayar da numfashi. A 2012 wani kamfanin harhaɗa magunguna a jihar Masachusets ya rarraba allurar ciwon baya wadda funfuna ta gurɓata. Mutum fiye da 750 suka kamu, da yawansu da sanƙarau, fiye da 60 suka rasu. Ko da yake ba ta famfo aka ba da wannan allura ba, ta nuna abin da ƙazanta kan yi a kusa da laka, har aka yi sabuwar doka a 2013. A 2018 hukumar nan ta yi gargaɗi cewa maganin da ba a amince da shi ba yana iya sa famfon ya tsaya ko ya saɓa awo.

Bugu da ƙari, famfon ba a dasa shi a manta. Cikinsa mililita 20 ko 40 ne, ana kuma sake cika shi da allura ta fata bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon bukata. Idan allurar ta kuskure ƙofar famfon, maganin watanni zai zube a jiki lokaci guda. Batirinsa bai cika wuce shekara 7 ba, sa'an nan a sake tiyata. Yankewar bakulofen farat ɗaya kuwa tana iya kisa.

Don haka duk wanda aka ba shawarar dasa wannan famfo a ƙasar waje, wajibi ne tun kafin ya amince ya tabbatar da likitan da zai riƙa cika masa shi bayan ya dawo gida, da inda za a samo maganin, da kuma asibitin da za a garzaya da shi idan famfon ya yi ƙarar gargaɗi da tsakar dare.