Cinikin Ɗan Wasa da Ya Tona Asirin Sankarar Ƙoda

A tsakiyar watan Janairun 2021 aka ƙulla wani babban ciniki a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA. Ƙungiyar Brooklyn Nets ce ta ƙwallafa rai sai ta ɗauko James Harden daga Houston Rockets, kuma kafin hakan ya yiwu sai da ƙungiyoyi huɗu suka yi musayar 'yan wasa. Cikin waɗanda cinikin ya rutsa da su har da Caris LeVert, matashi ɗan shekara 26, wanda aka tura daga Brooklyn zuwa Indiana Pacers a gurbin Victor Oladipo, mai tsatson Najeriya. A lokacin LeVert na kan ganiyarsa, wasa 12 ya buga a kakar, yana cin maki sama da 18 a kowane wasa a matsakaici. Babu inda yake masa ciwo. Amma a ƙa'ida ƙungiya ba ta karɓar sabon ɗan wasa sai likitocinta sun duba shi ciki da bai, kamar dai yadda mai sayen sa a kara yake zagaya shi ya duba haƙora kafin ya ƙirga kuɗi. A wannan binciken ne hoton na'urar MRI ya nuna wani ɗan ƙari a ƙodarsa ta hagu. Ranar 25 ga Janairu aka yi masa tiyata a birnin Indianapolis, aka tabbatar sankara ce, ƙungiyar kuma ta sanar cewa ba ya buƙatar wani magani bayan aikin. Ranar 13 ga Maris, mako bakwai bai cika ba, ya koma fili a karawarsu da Phoenix Suns, ya ci maki 13.

Masu ba da labarin wasanni sun fi son su ce jarumta da ƙarfin jiki ne suka fitar da shi. A ganina ba nan maganar take ba. Ƙarfin jikinsa ya taimaka masa wajen murmurewa da sauri, wannan gaskiya ne, amma abin da ya ceci rayuwarsa shi ne lokacin da aka gano cutar. Shi da kansa ya faɗa wa manema labarai cewa garau yake jin jikinsa, kuma mai yiwuwa cinikin nan ne ya cece shi. Da ya ci gaba da zama a Brooklyn, babu dalilin da zai sa a leƙa cikinsa, ƙarin kuwa zai ci gaba da girma, shi kuma yana tsalle yana guje-guje a kansa.

Dalilin haka yana cikin yadda aka halicci ƙodar. Tana can baya, ƙasan haƙarƙari, kitse ya lulluɓe ta, don haka ƙari yana da sararin da zai girma ba tare da ya matse wata gaɓa ba. Ga shi kuma ƙoda biyu ce, ko ɗaya ta fara samun matsala ɗayar takan ɗauki nauyin tace jini, fitsari ya fita yadda ya saba, mutum bai ga canji ba. Alamomi uku da littattafan likitanci suka daɗe suna ambata, wato jini a fitsari, ciwon kwiɓi da kumburin da hannu zai iya taɓawa, a wajen marasa lafiya ƙalilan ne suke haɗuwa, kuma sau da yawa kafin su haɗu cutar ta yi nisa. Shi ya sa a ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoton ciki, fiye da rabin masu sankarar ƙoda ana gano tasu ne da katsahan, an je neman wani abu daban. Tazarar da ke tsakanin ganowa da wuri da makara kuwa ba ƙarama ba ce. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan cutar ba ta fita daga ƙodar ba, sama da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna nan da rai bayan shekara biyar. Idan ta bazu zuwa huhu ko ƙashi, adadin bai kai kashi 20 ba. Wani abin da ke ƙara wa lokaci muhimmanci shi ne irin sankarar da ta kama LeVert, wadda ita ce kusan tara cikin goma na sankarar ƙoda a manya, ba ta jin maganin nan na ƙarin ruwa da aka saba ba masu ciwon daji. Wuƙar likita ce babban maganinta, ita kuma wuƙa tana aiki ne muddin cutar na wuri guda.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai labarin masu kuɗi ne, ina talaka ina MRI? Ƙorafin yana da tushe, musamman da yake ba don tausayi ƙungiyoyi ke yin wannan bincike ba, dukiyarsu suke karewa. Haka ta faru da ɗan ƙwallon ƙafa Nwankwo Kanu a 1996, lokacin da ya bar Ajax ya koma Inter Milan ta Italiya bayan ya ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta: likitocin sabuwar ƙungiyarsa ne suka gano matsalar zuciyar da ta kai shi tiyata a Cleveland. To amma a batun ƙoda, ba dole sai da na'ura mai tsada ba. Sikanin ciki na yau da kullum, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu, yana iya nuna ƙari a ƙoda, gwajin fitsari kuma yana nuna jinin da ido ba ya gani. Cire ƙoda ko yanke ɓangarenta aiki ne da likitocin mafitsara ke yi a manyan asibitocin koyarwa na Najeriya. Abin da ke da tsadar gaske shi ne magungunan zamani da ake ba wanda cutarsa ta riga ta bazu. Wato makara ce ta fi cin kuɗi, kuma talaka ne ya fi kowa asara idan ya makara.

To ke nan kowa ya garzaya a yi masa hoto duk shekara? A'a, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara da labarin LeVert. Babu wata babbar hukumar lafiya da ta ba da shawarar a riƙa tantance jama'a baki ɗaya don neman sankarar ƙoda. Cutar ba ta cikin mafiya yawa, a 2020 an ƙiyasta sababbin masu ita kimanin 430,000 a duniya, kuma galibinsu sun haura shekara 60, maza sun kusa ninka mata. Samun ta a jikin ɗan shekara 26 baƙon abu ne. Bayan haka, wani kaso na ƙananan ƙarin da hoto ke nunawa ba sankara ba ne, wasu kuma suna girma a hankali har likita kan zaɓi ya sa musu ido kawai, musamman ga tsofaffi. Idan aka bi miliyoyin lafiyayyu da hoto, za a tayar da hankalin mutane da yawa, a yi wa wasu aikin da ba sa buƙata. Darasin ya fi haka ƙanƙanta, amma ya fi amfani: jin garau ba shaidar lafiyar ƙoda ba ce, saboda haka wanda ke cikin haɗari ko ya ga alama ba shi da hujjar jira. Masu shan taba, masu ƙiba sosai, masu hawan jini, masu tsohon ciwon ƙoda da waɗanda cutar ta kama danginsu na jini, su ne kan gaba.

Akwai kuma tsoron wuƙa, da cewa wanda aka taɓa masa ƙoda ya zama rabin mutum. Ƙoda ɗaya lafiyayya tana isar mutum rayuwa, domin takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin 'yar'uwarta. Alonzo Mourning, wanda wani ciwon ƙoda daban ya sa aka yi masa dashe a 2003, ya ɗauki kofin NBA da Miami Heat a 2006. LeVert kuwa a ragowar wasanni 35 da ya buga wa Pacers a kakar da aka yi masa aiki, matsakaicin makinsa ya haura 20 a kowane wasa, fiye da yadda yake ci kafin tiyatar, kuma ya ci gaba da wasa shekaru bayan nan a Cleveland Cavaliers.

A ƙasar Hausa akwai wata matsala ta musamman. Saboda tsargiya ta yi yawa a garuruwan da ke bakin koguna, tafkuna da gonakin rani, an saba ganin jini a fitsari har an raina shi, a sha magani a kemis ko a jiƙa saiwa, in ya ɗauke a ce an warke. Jinin sankarar ƙoda ma yakan zo ya ɗauke da kansa, sau da yawa babu zafi, ita kanta tsargiyar kuma idan ta daɗe tana iya haddasa sankarar mafitsara. Duk baligin da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne, ya je asibiti a yi masa gwajin fitsari da sikanin ciki, kada ya jira ya sake gani.